Cokali Uku

Tun kafin a idar da Asuba nake hura gawayi
a gindin dalbejiyar tashar Mai Wurno.
Direbobin Sinnar ba sa tambayar farashi,
cewa kawai suke, "Uwale, cokali uku."
In zuba, in motsa, in miƙa.
Da sukari na rufa ɗakinmu da kwano,
da sukari na biya kuɗin makaranta,
yau ga ni ina gadin sukarin nan
kada ya yi ambaliya a jinin ɗana.

Junaidu, shekara goma sha biyar.
Murya ta fara kauri, wandon bara ya tsaya a ƙwauri.
Allurarsa na kwana cikin gwangwani,
gwangwanin cikin jiƙaƙƙen yashi, ƙarƙashin randa,
don lantarki baƙuwa ce a unguwarmu:
ta leƙo, ta gaisa a tsaye, ta wuce.

Ran Talata na buɗe littafin awonsa.
Ban yi nisa a boko ba,
amma mai ba da canji cikin duhu
ba a yi mata wayo da lamba.
Ɗari da goma. Ɗari da ashirin. Ɗari da goma.
Kwana tara, biro ɗaya, zama ɗaya,
a jere kamar kofunan da na wanke na kife.
Jini ba ya tafiya haka.
Ko kogin nan namu, da rani, yakan motsa.

Na tanadi maganganu masu zafi,
irin waɗanda uwata ta bar mini gado.
Sai na hango shi bayan katanga, zai tafi ƙwallo,
yana jan gajeren wandonsa ƙasa,
yana ja, yana ja,
don ya rufe tabon allura a cinya.
Maganganun suka huce a bakina
kamar shayin da mai shi ya bi mota ya bari.

Da dare, kan gadon igiya a tsakar gida,
na ce, "Nawa ne na gaskiyar?"
Ya yi shiru har sauro ya gama kewaya mu.
"Ɗari uku da ɗoriya.
Inna, kowa ya ci alewa ya tashi,
ni sai na zauna lissafi.
Na gaji da huda yatsa.
Na gaji da idonki."

Na ƙarshen nan ne ya same ni.
Ina zaton inuwa nake yi masa,
ashe ranar tsaka na tsaya masa a ka.

Malama Ikhlas ta asibiti ta taɓa ce mini
lamba ɗan aike ce, ba a dukan ɗan aike.
A lokacin kai kawai na gyaɗa.
Daren nan na maimaita masa, muka ƙulla:
shi ya rubuta abin da na'ura ta faɗa, komai muninsa,
ni in karanta, in haɗiye "me ka ci?"
Ya zaɓi aboki ɗaya, Sirajo mai tsaron gida,
ya gaya masa komai,
ya ba shi ajiyar dabino uku
saboda ranar da gwiwa za ta saki, gumi ya karyo.

Ba a gama ba.
Jiya ya manta allurar dare sai da na yi tari sau biyu.
Yau ya bar littafin a buɗe kan tabarma:
ɗari biyu da arba'in, rubutu a karkace.
Ban taɓa son mummunar lamba haka ba.

Ga motar farko ta tsaya.
"Uwale, cokali uku."
Na zuba masa.
Nawa kofin, wata guda ke nan babu ko ƙwaya.
Junaidu bai sani ba,
ko kuwa ya sani,
shi ma yana koyon haɗiye magana.